WAI DON A KWAMFUTA AKA HAƊA SHI, SAI YA TASHI DAGA KIƊA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wata fitina ta shigo cikin matasan Musulmi a ɓoye, har ta kai ga wasu daga cikin 'yan'uwa masu zuwa karatu da zaman sahun gaba a masallaci. A da, wanda ke son yin waƙa da kiɗa sai ya nemo makaɗa da kalangu da ganga, abin da duk unguwa za ta ji, iyaye su tsawata. Yanzu kuwa ɗaki ɗaya ya isa. Yaro ya sami kwamfuta da makirfo da abin sawa a kunne, ya manna katifa a bango don kada sauti ya fita, ya kira wurin situdiyo, ya kwana yana haɗa kiɗa alhali mahaifinsa na zaton nazari yake yi.

Abin takaicin shi ne hujjar da suke kafawa, wai su ba su taɓa ganga ko goge ba, maɓalli kawai suke dannawa. Subhanallahi! To, ina sautin ya fito? Manhajojin da suke aiki da su, irin su Cubase da wani kamfanin Jamus ya fitar a 1989, da FL Studio na ƙasar Beljiyam, cike suke da sautin ganga da fiyano da sarewa, wasu an ɗauko su daga kayan kiɗa na gaske an adana, wasu na'ura ce ta kwaikwaya. Mai haɗawa yana jera su ne daki-daki har su ba da amo. Abin da kunne ke ji kiɗa ne, abin da ke motsa zuciya da jiki kiɗa ne. Giya ba ta zama halal don an canza mata kwalba.

Hadisin da Imamul Bukhari ya kawo ya ambaci kayan kiɗa tare da zina da giya da alharini, a cikin abubuwan da wasu mutane za su halatta. Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) kuma ya fassara aya ta 6 ta Suratu Luƙman da waƙa. Idan aka faɗi haka sai su ruga su kama Ibn Hazm, wanda ya sauƙaƙa a mas'alar. Amma mafi yawan malamai sun saɓa masa, kuma wa zai ce fatawarsa ta haɗa da waƙar da saurayi da budurwa ke zuga juna zuwa ga alfasha?

Sannan ga ha'inci. Tun 1997 da aka fito da Auto-Tune, mai muryar da ba ta sauraruwa yana iya shiga ɗaki ya fito da murya gyararriya, a sayar wa jama'a a matsayin baiwa. Mafi muni, sai a ɗauki kiɗan da aka yi wa waƙar soyayya, a cire baitocin, a ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Idan zaɓe ya matso kuma, a sake ɗora sunan ɗan siyasar da ya biya. Kiɗa ɗaya, jiya budurwa, yau Fiyayyen Halitta, gobe azzalumi! Wane irin rashin ladabi ne wannan?

Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a Kano a 2001 ba za ta iya leƙa kowane ɗaki ba, kuma waƙa takan bi wayoyi ta zaga gari kafin gari ya waye. Abin da ya rage shi ne tsoron Allah da sa idon iyaye da 'yan'uwa.

Kwamfuta ba ta da laifi, wuƙa ce, tana yanka rago tana kuma kashe rai. Da wannan makirfon za a iya ɗaukar karatun Alƙur'ani, a tsabtace tsofaffin kaset-kaset na tafsiri da ke lalacewa a akwatuna, a ɗauki waƙen wa'azi da murya zalla. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waƙe suka karantar da jama'a tauhidi da fiƙihu, ba su nemi makaɗi ba.

Saboda haka duk ɗan'uwan da Allah Ya hore wa wannan sani, ya zauna ya binciki abin da ke cikin kwamfutarsa, ya goge na gogewa. Abin da aka ɗauka yakan ci gaba da yawo bayan mai shi ya shiga kabari, ko dai lada mai gudana ko zunubi mai gudana.

Allah Ya shiryi matasan Musulmi, Ya tsare su daga ruɗin zamani. Amin.