Kin Taɓa Nuna wa Yaranki Badala?

Yau tambaya gare ni: in kin ratsa ta Ƙofar Nasarawa ko Ƙofar Kabuga da yara a mota, kin taɓa gaya musu me ya sa ake kiran wurin ƙofa, alhali ba ƙyaure ba makulli?

Ƙofofin nan na ganuwar Kano ne, wadda Kanawa ke kira badala. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, ɗansa Tsaraki ya kammala. Da gari ya cika, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, aka sake ƙara ta a ƙarni na 17. Kin ga ke nan aikin ya haura shekara 800.

Da jar ƙasa aka yi ta, da hannu da gumin mutanen gari. Ta waje aka haƙa mata gwalalo don kada dawakin abokan gaba su iso gindinta. Magabata ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, har gonaki da Dutsen Dala da Goron Dutse suka sa a ciki. Dabarar ita ce, ko an yi wa gari zobe wata da watanni, mata da yara ba za su kwana da yunwa ba. Kowace ƙofa da sarkin ƙofarta, da magariba ya rufe, sai gari ya waye ya buɗe wa fatake da manoma. Haka aka zauna har 1903, lokacin da sojojin Ingila suka zo da igwa suka ci garin.

To yau fa? In kika bi titin da ya tashi daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya za ki hangi ragowarta, wani wuri tudu, wani wuri ta shafe. Ruwan sama ya ci nasa, amma ɓarnar hannu ta fi. Masu gini sun ɗebi ƙasarta sun yi tubali, wasu sun yanka filaye a kanta, wasu sun mai da gindinta juji. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata da kayan zamani. Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don a duba yiwuwar sa su cikin kayan tarihin duniya, amma takarda ba ta tare ruwa, ba ta hana sheba.

Za ki ce ina ruwan mace da wannan, ai aikin hukuma ne. Gaskiya akwai nasu. Sai dai sharar da ake jibgewa a badala daga gidajenmu take fita, mu muke miƙa wa yaro ko almajiri bokiti ba mu tambayi inda zai zubar ba. Yaron da ya taso yana ganin badala bola ce, in ya girma ya samu kuɗi, shago zai gina a kanta bai ji komai ba.

Don haka ki fara daga gida. Ki san inda shararki ke zuwa. Ki koya wa yara sunayen ƙofofi kamar wasa: Mata, Wambai, Mazugal, Waika, Kansakali, Dukawuya. In hutu ya zo, ki roƙi maigida ya kai ku Gidan Makama su ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, ku hau Dala su hangi faɗin abin da kakanninsu suka kewaye. Ke da kike Zariya ko Katsina, ku ma kuna da ragowar taku ganuwar, ki yi musu haka nan.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. A gaida yara.