GIDA DA KASUWA: Kafin a sayi tsohon tebur, kafin a sayar da na gado

Duk wanda ya saba shiga gidajen Barmu ya san shi. Yana nan gefen gado ko kusa da kujerar maigida, ɗauke da rediyo da fitila da tiren shayi. Ba wanda ke kula da shi sai ranar rabon gado, ko ranar da dillali ya yi sallama a zaure ya ce: "Alhaji, wannan tsohon katakon ai ya gaji, a ba ni shi in kawo maka sabo mai walƙiya." A irin wannan musaya, sau da yawa maigida ne ke faɗuwa.

Adar ƙasar biɗa ce. Shekara da shekaru samarin Barmu da ƙauyukan kewaye suna tafiya Abijan da sauran biranen gaɓar teku, su komo da kaya a bisan mota. Cikin kayan nan har da ƙananan tebura na madaci da na loko. Wasu teburan kuma daga gidajen ma'aikata na Tawa suka fito, waɗanda kafintoci suka ƙera tun zamanin mulkin Faransa da farkon samun ƴancin kai a 1960. Kashi na uku shi ne teburin shayi: babban tire na tagulla da ake ɗorawa bisa ƙafafun itace masu naɗewa, aikin maƙeran Bida ta ƙasar Nufe ko na Fas ta Maroko.

Da farko dai, tsufa iri biyu ne. A tsarin duwan na duniya, ba a kiran abu kayan tarihi sai ya haura shekara 100. Tebur irin wannan yana da wuyar samu a Adar, don kakanni bisa tabarma da buzu suke zama. Abin da ya fi yawa shi ne na shekarun 1950 zuwa 1980. Shi ma yana da daraja, amma kada a biya shi kuɗin na ƙarni guda. In mai sayarwa ya rantse cewa teburinsa na kwamandan farko ne, a saurare shi da ladabi, sa'an nan a kifar da teburin.

Gaskiyar tebur a ƙarƙashinsa take, inda fenti bai kai ba. Katakon da ya daɗe yana yin duhu bai ɗaya, har cikin lunguna. Wanda aka shafa wa ƙasa ko baƙin mai don ya tsufa kuwa, da an kankare shi da farce sai farin itace ya bayyana. A dubi mahaɗar ƙafafu: kafintan da yakan fafe rami a ƙafa, ya sassaƙa wa sandar da ke riƙe ta harshe, ya cusa, ya datse da turken itace. Aljihun tebur kuma da haƙora ake haɗa shi, suna shiga juna kamar yatsu. Irin wannan aiki ko ya saki ana gyara shi. Ƙusa mai murɗawa wadda tsagar kanta ta gicciye ba ta bazu ba sai daga tsakiyar shekarun 1930, saboda haka ko teburin bai kai shekarun da ake ba shi ba, ko an taɓa gyara shi. In an ga ƴan ƙusoshin waya da ake harbawa da inji, to aikin jiya ne.

Sai nauyi da ƙara. A ɗaga shi, a ƙwanƙwasa kowace ƙafa. Itace mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, wanda gara ta cinye cikinsa kuwa kamar ƙwarya yake amsawa. Ƙananan huji tsofaffi ba abin tsoro ba ne, amma in gari mai laushi yana zubowa daga cikinsu, ƙwaron yana nan da rai, kuma zai bi sauran kayan ɗaki. Tiren tagulla da mayen ƙarfe ake gwada shi: tagulla ba ta kama shi, in ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Ana yawan tallar kaya ta hoto a wayar salula, amma Hausawa sun hana cinikin biri a sama.

Akwai wani alƙali da ba ya karɓar rantsuwa, wato hunturun Adar. Itace yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Tebur da aka ƙera da ɗanyen katako a Abijan, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara, in ya iso Tawa cikin watan Janairu ko Fabrairu sai a ji ya tsage da dare. Tsohon tebur da ya ga hunturu 40 a nan ya gama wannan jarrabawa, abin da zai tsage ya riga ya tsage. Wannan kaɗai ya fifita shi bisa sabbin teburan kanti, waɗanda garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai zanen itace. Kyan ɗan maciji gare su: kofin shayi ya zube sau biyu, baki ya kumbura, ba kafintan da zai iya ceto su.

Itacen kirki ma ƙara wuya yake yi. Saboda yawan sarewa da kai shi ƙasar Sin, an saka madobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017, aka bi da madacin Afirka a taron Panama na 2022. Wanda ke da teburin madobiya na gaske yana riƙe da abin da sabonsa ba ya samuwa da araha.

Wajen zaɓe, a fara da wurin da za a ajiye shi. Na gefen kujera ya daidaita da hannun kujerar, wato santimita 55 zuwa 65, na shayi bisa tabarma kuwa kada ya wuce 35. A aza shi a daɓe mai kyau a girgiza, ƙafa huɗu su taka ƙasa. Teburin Formica mai ƙafafun ƙarfe, irin na shekarun 1960, ba ya tsoron gara, ya dace da ɗakin yara. Bayan saye, kada a wanke itace da ruwa, kada a bar shi a rana, kada a jingina shi da bangon ƙasa, nan ce hanyar gara. Kakin zuma sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe shi. Kuma kada a kankare tsohon launi a shafa sabon fenti, darajar ce ake kankarewa.

Saura maganar masu sayarwa. A 1949 aka kafa wani gida na alminiyom a Yamai, ƙirar Bafaranshe Jean Prouvé, aka kafa wasu biyu a Barazabil a 1951. Shekaru suka wuce ana kallonsu kamar tarkace. Wajen 2000 wani dillalin kayan da na birnin Paris ya saye su, ya kwance, ya kai Faransa. A watan Yuni na 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga na Barazabil a New York, ya tashi kusan dalar Amurka miliyan 5. Ba kowane tsohon tebur ne na Prouvé ba, kada wani ya yi mafarkin miliyoyi. Darasin dai shi ne, mai yawo gida gida yana neman tsohon kaya ya san abin da yake nema. Ƴan kasuwa kuma su tuna da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihin ƙasa, su nemi bayani kafin su ƙetare iyaka da abin da ya tsufa ƙwarai.

Ma'aikata ba su manta da karyewar darajar Sefa ta Janairu 1994 ba, da watannin da albashi ya yi ta makara a shekarun nan. Wanda talauci ya sa ya sayar da kayan ɗakinsa ba abin zargi ba ne. Amma in ba dole, magada su kira kafintan da suka amince da shi ya yi wa tebur kuɗi kafin rabo, ɗaya daga cikinsu ya saye shi cikin kasonsa, a rubuta sunan mai shi na fari da shekarar da ya shigo gidan a manna a ƙarƙashi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba tsofaffin akwatunan aure.