Sammacin Kamfani: Sauri Ya Haifi Nawa

Kamfani ba shi da hannun karɓar sammaci. Saboda haka ƙa'idar manyan kotunan Nijeriya ita ce a miƙa wa darakta ko sakatarensa, ko kuwa a ajiye a babban ofishinsa. In ya ƙi zuwa, alƙali na iya yanke hukunci a bayan idonsa. Amma a 2004, cikin shari'ar Mark da Eke, Kotun Ƙoli ta ce liƙa takarda a ƙofa bai wadatar ba. A ganina ta yi daidai, gama ba a hukunta wanda ba a kira ba. Sai dai in aka soke hukunci, talaka mai ƙara ke asara. Lalle ya kamata lauyan da ya yanke hanya ya biya.