Kar a sabunta manhaja ana tsakiyar aiki

A ganina, kamfanonin da ke ƙera manhajojin tace bidiyo ba su san darajar sabon hannu ba. Mai tace bidiyo ba ya tsayawa tunani kafin ya datse hoto, yatsunsa sun riga sun haddace maɓallan. Ranar da aka sabunta manhaja, aka sauya yadda ake yanka, sai aikin awa ɗaya ya cinye yini guda.

An taɓa ganin haka. A watan Yunin 2011 kamfanin Apple ya fitar da Final Cut Pro X, wanda ko ayyukan da aka fara a Final Cut Pro 7 ba ya buɗewa. Ƙwararru da dama suka tattara suka koma Premiere da Avid.

Mu malamai ba ma canja littafi ana gab da jarrabawa. To, ɗan'uwa mai tace bidiyon biki, kashe sabuntawar da ke yin kanta, ka ƙarasa aikin mutane tukuna. Amarya ba ruwanta da sabuwar manhaja, bidiyonta take jira. Su kuma kamfanoni, don Allah su bar wa mutane zaɓin tsohon tsari.