Janareta a Jirgin Ruwa: Ƙanana Biyu Sun Fi Babba Ɗaya, Amma da Sharaɗi

Tun daga watan Mayun 2023 da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, fataken da ke safarar kifi da kayan gwari ta kogin Neja da na Binuwai, da kuma masu jiragen haya a gaɓar Legas, suka shiga lissafin kowace lita. Wannan ne ya sa hankalin wasunsu ya karkata ga ƙananan janaretocin inbata domin kunna firiza da fitilu a cikin jirgi, kasancewar injinsu yana rage gudu idan lodi ya ragu, saɓanin janareta na gargajiya da ke ruri iri ɗaya ko da ƙwai ɗaya aka kunna.

Tambayar ita ce, babba ɗaya za a saya ko ƙanana biyu da za a haɗa? Ga mai jirgin fatauci, ƙanana biyu sun fi riba. Alal misali, samfurin Honda EU22i yana ba da wat 1,800 a ci gaba da aiki, yana kaiwa 2,200 na ɗan lokaci, nauyinsa kuwa kimanin kilo 21 ne. Idan aka haɗa biyu an sami wat 3,600 da nauyin kilo 42 ke nan, alhali babban wansu EU30is ya kai wajen kilo 60 amma ƙarfinsa bai wuce 3,000 ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake hawa da kaya ta kan katako a mashigar Lakwaja ko Anaca ya san bambancin abin da mutum ɗaya zai ɗauka da wanda sai an kira 'yan dako.

Bugu da ƙari, firiza takan ja ninki uku ko fiye na wutarta a daidai lokacin da kwamfiresonta ke tashi. Don haka sai a tayar da injin biyu da rana lokacin da aiki ya yi yawa, a kashe ɗaya da dare. Tankin wancan samfuri na lita 3.6 yakan ƙare cikin awa uku da 'yan mintoci a cikakken lodi, amma yakan kai awa takwas a rubu'in lodi. Kuma in ɗaya ya lalace a tsakiyar kogi, ɗayan zai riƙe kifin har a isa kasuwa.

Sai dai kuma haɗin yana da ƙa'ida. Dole injinan su kasance na inbata masu ramin haɗi, na kamfani ɗaya, zai fi kyau samfuri ɗaya, a kuma yi amfani da wayar haɗin da kamfanin ya ƙera, a ɗaura ta tun injinan suna kashe. Janaretocin gargajiya biyu da makanikin bakin tasha ya ƙulla da waya ba za su daidaita bugun wutarsu ba, sai dai su ƙone, su tafi da firizar. Akwai kuma tarkon kayan gwanjo: injinan da aka ƙera don kasuwar Amurka suna ba da bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, Najeriya kuwa bolt 230 ne da zagaye 50. Arha irin wannan ba ta ado.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne batun rai, domin ba a ƙera waɗannan injina don cikin jirgi ba. Hayaƙin salansarsu yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi, kuma takan taru a ƙarƙashin rumfa ko tamfol inda fasinjoji ke kwana. Tururin fetur kuwa ya fi iska nauyi, yakan kwanta a gindin jirgi yana jiran tartsatsi. Saboda haka mazaunin janareta shi ne sarari a bayan jirgi, a ɗaure, salansa na fuskantar ruwa, kuma ba a zuba masa mai sai ya huce. Haka nan wutar da ta zurara cikin ruwan kogi ta fi ta ruwan teku haɗari ga mai iyo, domin jikin mutum ya fi ruwan daɗi saurin ɗaukar lantarki. Yawancin waɗannan injina kuwa wayarsu ta nutural ba a haɗe take da jikinsu ba, wanda kan iya hana na'urar katse wuta aiki, sai ƙwararren mai gyaran lantarki ya tsara haɗin.

Wanda kuɗinsa bai isa sayen wayar haɗi ta asali, da na'urar katse wuta, da ƙararrawar gano hayaƙi ba, gara ya tsaya ga injin ɗaya da ƙanƙara. Kamata ya yi kuma Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta riƙa duba mazaunin janareta a duk jirgin da ya zo rajista, kamar yadda take neman a nuna rigunan ceto.