Sa hannuna yana kan takardar

Yau ba maganar Gumboro ko canjin ruwan tanki na zo da ita ba. Maganar shugabannin ƙungiyoyinmu na gama-kai ce, kuma da laifin kaina zan fara.

Bayan na gama bautar ƙasa na shiga wata ƙungiyar masu kiwon kaji da tarwaɗa a garinmu. Da zaɓe ya zo aka ce ga yaro mai digiri a harkar noma, a sa shi a kwamiti. Gaskiya na ji daɗi. A lokacin, a zatona aikin kwamiti shi ne ka zo taro, ka zauna a gaba, a sha lemo a watse.

Babban aikin ƙungiyar shi ne sayo abincin kaji a sari, mota guda, a raba wa membobi bashi, su biya in sun sayar da ƙwai. Wata rana a ƙarshen damina ciyaman ya tare ni a bakin hanya da takarda, ya ce an samu abinci da sauƙi, in sa hannu kafin wasu su riga mu. Ina kan mashin na sa hannu. Ban tambayi wa ke sayarwa ba, ban tambayi yaushe aka haɗa abincin ba, ban ce a buɗe ko buhu ɗaya ba.

Kwana goma sha wani abu, ƙwai ya fara raguwa a gonakin mutane. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, mai kajin ƙwai 200, ta kira ni ta ce, "Ɗana, kai da ka yi karatun abin, zo ka duba min." Ina buɗe buhu warin fumfuna ya buge ni, abincin duk ya dunƙule. Daga baya muka gano tsohon kaya ne da ya sha damshi a sito, kuma mai shi surukin ciyaman ne. Ta kalle ni ta ce, "Wai ba ku duba ba ne kafin ku sayo?" Wallahi ban da amsa. Kaji 200 suna cinye kusan buhu mai kilo 25 a rana, ga ƙwai ya faɗi, ga bashin abinci a wuyanta. Ni ban ci ko kwabo ba, amma sa hannuna yana kan takardar.

Abin da na koya ke nan: ɗan kwamitin da ya yi shiru yana da nasa kason a duk ɓarnar da aka yi. An zaɓe ka ne ka zama idon mutanen da ba su da lokacin zuwa su duba. To mene ne aikin a zahiri?

Na farko, ka karanta kundin dokokin ƙungiyarka. Da yawanmu an yi mana rajista ne kawai don a nemi rance, aka jefa kundin a durowa. A Najeriya akwai dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993, kuma kowace jiha tana da ofishin daraktan da ke yi musu rajista. Dokar ta ce a binciki asusun ƙungiya duk shekara, kuma a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na riba a asusun ajiya kafin a yi rabo. Tsakani da Allah, ƙungiyoyi nawa ne a cikinmu suke yin haka?

Na biyu, ka ga kuɗi da idonka. "Ma'aji ya ce akwai kaza" ba lissafi ba ne. A kowane zama a kawo takardar bayanin asusu daga banki, a jera ta da littafin ma'aji da rasit. Kuɗin ƙungiya kada ya kwana a asusun mutum ɗaya ko da limamin unguwa ne, kuma kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Wannan kariya ce ga ma'ajin kansa, don ranar da aka fara zargi takarda ce za ta wanke shi. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Na uku, in kana da hannu a ciniki, ka faɗa. Ba laifi ba ne surukinka ya sayar da abincin kaji, ko kai kana ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi. Laifin shi ne ka ɓoye. Ka sanar da kwamiti, ka fita daga ɗakin a yanke hukunci ba ka nan, a kwatanta farashinsa da na mutum biyu ko uku. Da ciyaman ɗinmu ya yi haka, da wani ya ce a je sito a gani.

Na huɗu, adalci a rance da rabon kaya. Mun san yadda ake yi: 'yan tsaki sun iso daga Ibadan, 'yan kwamiti su fara zaɓe, mai kaji 50 ya kwashi ragowa. Kuma sau da yawa manyan masu riƙe bashi suna kan teburin gaba. Da wane baki za ka matsa wa wani ya biya alhali kai ba ka biya ba? Sabo da kaza ba ya hana yanka, doka ɗaya ce ga kowa.

Na biyar, ka yi tunanin ranar wuya. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a ƙasar nan a 2006 a Jaji ta jihar Kaduna, ba ta daina dawowa ba. Abinci kuma shi ke cinye mafi yawan kuɗin kiwo, masara da waken suya suna tashi, komai ya rikice. Kwamitin da ya rabe riba kakaf don a tafa masa bai taimaki kowa ba.

Na shida, ka kira babban taron shekara, ka karanta lissafi da harshen da kowa zai gane, in wa'adinka ya cika ka sauka.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai ba albashi ake biyanmu ba." Haka ne, kuma akwai gajiya a ciki. Amma ba wanda ya tilasta maka karɓar amana, in ba ka da lokaci ka ce a ba wani. Wasu kuma kunya ce, ta yaya zan tambayi sa'an babana rasit? Ni ma ita ta hana ni magana. Ana iya tambaya cikin ladabi: "Baba, a taimaka mana da takardar mu sa a fayil." Kunyar da na ji a gaban matar nan ta fi wannan sau goma.

Tun asali ma don irin wannan aka kafa gama-kai. A 1844 wasu ma'aikata 28 a garin Rochdale na Ingila, da yawansu masaƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe shago saboda sun gaji da gurɓataccen gari da tauye ma'auni. Tsarin da aka gada daga gare su shi ne mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Mai kaji 5,000 da mai tankin kifi guda ɗaya, nauyinsu ɗaya ne a taro.

Don haka ku ma membobi da naku. Ku daina zaɓen mutum don ya fi kowa gona ko don ya yi boko kamar yadda aka yi min. Ku zaɓi wanda zai iya cewa "a nuna min".

Mu dai mun zauna, aka yafe wa waɗanda abin ya shafa wani ɓangare na bashin daga aljihun 'yan kwamiti, har da ni. Yanzu duk motar da ta zo, mutum biyu ne ke buɗe buhu, su duba kwanan wata, su shinshina, kafin a sauke.

In kana cikin kwamiti, yaushe rabonka da ganin takardar banki ta ƙungiyarku? Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a kiwonmu.