A Duba Hantsa Kafin A Biya Kuɗin Akuya

Duk wanda ya san ƙasar Batsari da Safana ya san cewa tun da ɓarayin shanu suka yi sansani a dajin Rugu, garake da yawa sun watse, nonon saniya kuma ya yi wuya a ƙauyuka. Akuya, wadda a dā ake yi wa kallon dukiyar mata, ita ce ta rage a gidaje masu yawa. Saboda haka lalle ne a sake tunani game da yadda ake zaɓenta.

A kasuwa mai saye yakan duba haƙora, ya daddanna gadon baya, ya yaba jan gashi, sa'an nan ya biya. Ba safai yakan sunkuya ya dubi hantsa ba, alhali kuwa can ne ribar take. Jar akuyarmu ta yi suna a duniya ne saboda fatarta, wadda Turawa ke kira fatar Maroko, nononta kuwa bai taka kara ya karya ba. Ga ta kuma da yawan haifar tagwaye. In nono ya gaza, sai ɗaya ya rame ya mutu, balle a sami na tatsa wa yara.

Masana a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, sun auna hantsar wannan akuya, suka ga yawan nono yana tafiya da faɗin hantsa. To amma girma kaɗai yakan yi ruɗi. Akwai hantsa mai tsoka, wadda ko an tatse ta tana nan tamtsan-tamtsan, nonon cikinta kuwa bai cika ludayi biyu ba. Ta kirki ita ce mai faɗi daga sama, maƙale da jiki sosai, mai laushi, wadda takan saki ta yamutse bayan tatsa, kawunanta biyu daidai wa daida. Wadda ta zazzago tana lilo har kusa da ƙasa, ƙaya da kututture ne za su yage ta a wurin kiwo, ciwo ya shiga, gefe guda ya taurare ya mutu. Kuma kada a yanke wa 'yar haihuwar fari hukunci da wuri, domin nono yakan ƙaru zuwa haihuwa ta uku.

A 2025 gwamnatin Jihar Katsina ta raba wa mata awaki don su dogara da kansu. Abin a yaba ne. Amma muna kira ga hukuma, duk lokacin da za a sake irin wannan sayayya, kada a bar ta ga ɗan kwangila mai ƙirga kawuna kawai. A sa malamin dabbobi ya taɓa hantsar kowace akuya, a kuma binciki uwar kowane bunsuru, gama hantsa gado ce. Maƙwabtanmu na Maraɗi tun 1963 suke da cibiya mai tace irin jar akuya, kuma daga Batsari zuwa can ba wata doguwar tafiya ba ce.